Fararen tabo a fata: man shafawa ko hasken asibiti?

Wata uwa ta aiko da tambaya: fararen tabo sun fito wa ɗiyarta a gefen ido da bayan hannu, maƙwabta kuma sun fara raɗe-raɗin kuturta.

Idan albaras ce ta jawo tabon, to albaras dai ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukar ta ta cuɗanya. Garkuwar jiki ce ke afka wa ƙwayoyin da ke ba fata launi. Michael Jackson ya yi fama da ita, binciken gawarsa a 2009 ya tabbatar.

Likitan fata kan fara da man siteroyid mai ƙarfi, irin clobetasol, na 'yan makonni, sannan a dakata a duba. Wannan man ne wasu ke saye a kasuwa don bilicin, abin takaici. Idan aka zarce da shi fata na yin siriri, jijiyoyi su bayyana. A fuska, man tacrolimus ya fi dacewa.

Idan tabon ya bazu, sai hasken UVB a asibiti, sau 2 zuwa 3 a mako, tsawon watanni. Fuska na amsawa da wuri: launi kan dawo ɗigo-ɗigo daga gindin gashi. Yatsu kam, sai haƙuri.