Kama da Wane Ba Ta Wane

Ran nan ina shirya darasin ilmin halittu wanda zan koyar a gwajin koyarwa, sai na tarar da hotuna biyu na wani ɗan tsuntsun Amurka ta Arewa wanda ake kira cikadi. Na duba, na ce tsuntsu ɗaya ne. Ashe iri biyu ne. Da na shiga aji haka, da yara sun tafi gida da kuskurena. Saboda haka na zauna na bincika, ga kuwa abin da na samo.

Cikadi bai kai gwara girma ba, tsawonsa wajen inci 5 ne. Kansa baƙi ne sai ka ce ya sa hula, maƙogwaronsa baƙi, kumatunsa farare, bayansa toka-toka. Daga kiransa ya sami suna, don yakan ce "cika-di-di-di."

Masana suna ba kowane tsuntsu suna biyu da Latin, na fari sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. A 1766 Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, ya sa wa cikadin arewa suna Parus atricapillus, watau mai baƙin gashin kai. A 1834 Audubon ya nuna cewa na kudu wani iri ne dabam, ya sa masa sunan Karolina. Daga baya aka fitar da su biyun daga gidan Parus, aka sa su cikin gidan Poecile, amma danginsu na nan yadda yake, watau Paridae.

To, yaya za a rarrabe su? Hanya uku ce.

Ta ɗaya, kamanni. Na arewa ya ɗan fi girma da tsawon wutsiya, kuma fari ya fi yawa a gefen gashin fikafikansa.

Ta biyu, waƙa. Na arewa yakan yi fito sau biyu, na biyun ya fi sauka. Na Karolina kuwa galibi sau huɗu yake yi.

Ta uku, wurin zama. Na arewa yana Kanada da Alaska da arewacin Amurka, na Karolina yana kudu maso gabas.

Amma fa akwai inda hanyoyin nan ke ɓacewa. Ƙasashen tsuntsayen biyu sun haɗu a wani siririn yanki daga New Jersey har Kansas. A can suna barbarar juna, 'ya'yan su ɗebo kamannin nan da na can. Kuma da yake cikadi koyon waƙa yake yi da kunne, wani sai ya ɗauki waƙar maƙwabcinsa. A wurin nan ko gwani yakan rubuta "cikadi" kurum, ya dakata.

Wannan dakatawa ita ce ta fi kama mini hankali. Mu da za mu zama malamai, abin da muka faɗa yaro zai riƙe, ba ya musu. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu yi garajen raɗa wa halitta suna saboda alama ɗaya. Mu duba, mu saurara, mu tambayi inda aka gan ta. In shaidun uku sun yi daidai, sa'an nan mu ɗauki alli.