Gem Ɗinka Ne, Amma Ba a Gidanka Yake Zaune Ba: Darasi Kan Windows da Dokokin Kamfanonin Wasa

 Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Kwamfuta ba ta mutu a ranar ba, tana nan tana tashi kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da kamfanin ke turowa duk wata. Sai dai ga masu buga gem a kwamfuta maganar ta wuce nan, domin da yawansu sun tsinci kansu a gaba kura baya sayaki. In sun zauna a tsohuwar Windows, watarana gem zai guje su. In sun ce za su hau sabuwa, kwamfutarsu ba ta cika sharaɗi ba.

Na zaɓi in yi darasin wannan fitowa a kan haka ne saboda tambayar da na fi ji daga abokai ita ce: "Na sayi abu da kuɗina, jiya yana yi, yau ya ƙi, laifin wa?" Amsar a taƙaice ita ce, gem ba ya tsayawa da ƙafarsa. A kan abu uku yake zaune, kuma babu ko ɗaya da yake naka: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, shagon intanet da ka saye shi, da kuma sabar kamfanin da ya ƙera shi. Duk wanda ya motsa a cikinsu, kai ne za ka ji a jikinka. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: babbar manhaja

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗan da suka fi na baya tsauri. Ram giga 4 da ma'aji giga 64 ba su dami kowa ba. Abin da ya tayar da ƙura abu uku ne. Na ɗaya TPM 2.0, wato wani ɗan sashe na tsaro da ke ajiye mabuɗan sirri a inda manhaja ba ta iya taɓawa, kamar asusun ƙarfe a cikin ɗaki. Na biyu Secure Boot, wanda yake kamar maigadi a bakin ƙofa: lokacin da kwamfuta ke tashi, ba ya barin wata manhaja ta shiga sai mai ɗauke da sa hannun da aka amince da shi. Na uku shi ne shekarun furosesa. A ɓangaren Intel sai zubi na takwas zuwa sama, ban da wasu 'yan tsiraru, a ɓangaren AMD kuma daga jerin Ryzen 2000.

Wannan na ukun shi ya fi shafarmu, domin mafi yawanmu laftof na hannu muke riƙewa. Ɗauki HP EliteBook 840 da ta cika kasuwa. G3 tana ɗauke da Intel zubi na shida, G4 na bakwai, sai G5 ce ke da na takwas. A ido kusan duk ɗaya suke, mai shago ma zai ce maka "ai Core i5 ce, Oga". To Core i5 ɗin ba ita ce magana ba, lambar da ke biye da ita ce. In ka ga i5-6300U, wannan 6 ta farko tana nufin zubi na shida, Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance. In ka ga i5-8250U, ka tsira. Daga zubi na goma kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, misali i7-1165G7 zubi na sha ɗaya ne.

Kada kuma a ɗauka hawa sabuwar manhaja shi ne ƙarshen wahala. Lokacin da Windows 10 ta fito a 2015, tsoffin gem na faifai masu amfani da makullin SafeDisc sun daina tashi, saboda Microsoft ta cire direban da makullin ke dogaro da shi, ta ce yana da ɓaraka ta tsaro. Faifan na hannunka, na asali, amma ba shi da amfani. A 2019 Apple ta fitar da macOS Catalina wadda ta daina karɓar manhajoji masu bit 32, nan take gem masu yawa da mutane suka saya suka zama hoto. A ƙarshen 2024 ma, sabuntawar Windows 11 mai suna 24H2 ta riƙa daskarar da wasu gem na Ubisoft, irin su Assassin's Creed Valhalla da Star Wars Outlaws, har sai da Microsoft ta dakatar da tura ta ga kwamfutocin da ke da waɗannan gem kafin a gyara.

Na biyu: shago da 'yan sandan gem

Wani zai ce, to in zauna a Windows 10 mana, wa zai tashe ni? Tarihi ya riga ya ba da amsa. Ranar 1 ga Janairu, 2024, Steam, wanda shi ne babban shagon gem na kwamfuta, ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1. Dalilin da kamfanin Valve ya bayar shi ne, manhajar Steam tana ɗauke da wani sashe na Google Chrome a cikinta, shi kuma Chrome ya riga ya bar waɗannan tsoffin Windows ɗin. Ka lura da abin da ya faru a nan: gem ɗin da aka ƙera tun 2010, wanda Windows 7 ke ɗauka cikin sauƙi, ya shiga matsala, ba don shi ya canja ba, sai don ƙofar da ake bi a buɗe shi ta canja. Abin da ya ci Windows 7 ba zai bar Windows 10 ba, lokaci kawai ake jira.

Sai maganar manhajar hana maguɗi, wadda ni nake kira ɗan sandan gem. A gem ɗin da ake bugawa da mutane ta intanet akwai masu saka manhajar da ke saita musu bindiga ko ta nuna musu abokin hamayya ta bayan bango. Don a kama su, kamfanoni suka fara dasa nasu 'yan sandan a can cikin zuciyar Windows, inda direbobi ke aiki. Shi kuma ɗan sandan yana son ya tabbatar babu wanda ya riga shi shiga, shi ya sa yake neman Secure Boot da TPM. Vanguard na gem ɗin Valorant ba ya yarda ya tashi a Windows 11 sai da su biyun. Masu FIFA 23 a Windows 11 sun sha ganin saƙon cewa ba a kunna Secure Boot ba. Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 shi ma ya sa shi sharaɗi.

A nan ne tarkon yake, kuma ina so a fahimce shi sosai. Akwai dabarun ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ba ta cancanta ba, manhajar Rufus ma tana da wurin da za ka cire binciken. Windows ɗin za ta hau, ta yi kyau a ido. Amma in kwamfutar ba ta da TPM 2.0, Windows ka yaudara, ba ka yaudari Vanguard ba. Sai ka ga gem ɗin da yake yi maka a Windows 10 ya ƙi tashi gaba ɗaya. Microsoft kuma ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin turo wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na uku: saba da asusu

Wannan shi ya fi ciwo. Ubisoft ta fitar da gem ɗin tseren mota mai suna The Crew a 2014. A ƙarshen Maris 2024 ta kashe sabarsa, kuma da yake gem ɗin ba ya tashi sai da intanet ko da kai kaɗai za ka buga, duk wanda ya saya ya tashi a tutar babu. Fushin wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda Ross Scott ya fara, kuma takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake biya, ba mallaka ba. Tun Oktoban 2024 Steam yake rubuta haka a shafin biyan kuɗi. Wato dai hayar ɗaki ka kama, ba gida ka saya ba.

Akwai kuma misalin da ya taɓa mu kai tsaye. A Mayun 2024 Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta dole ya haɗa da asusun PlayStation Network. Matsalar ita ce ba a buɗe wannan asusu a hukumance a Najeriya da mafi yawan ƙasashen Afirka. Aka cire gem ɗin daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170. Masu wasa suka yi ca, suka cika shafin gem ɗin da ƙorafi, ba a yi mako guda ba Sony ta janye sharaɗin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma darasin da ni na ɗauka shi ne, mu da ke wannan yanki sau da yawa ba a tuna da mu lokacin da ake rubuta dokar, don haka dole mu riƙa karanta ta kafin mu biya.

To mene ne abin yi?

Da farko ka san kwamfutarka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. Za ka ga sunan furosesa, ka ga ko yanayin BIOS ɗinka UEFI ne ko Legacy, ka ga ko Secure Boot a kunne yake. Ka sake danna Windows da R ka rubuta tpm.msc, zai nuna maka ko akwai TPM da lambarsa. Sau da yawa yana nan, a kashe kawai yake. A cikin BIOS, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM.

Kafin ka taɓa komai a BIOS, ka kwafe furojet ɗinka da duk takardun karatu zuwa filasha ko wani wuri dabam. In BitLocker na kunne, ka rubuta mabuɗin ceto a takarda, domin canja waɗannan saituna na iya sa kwamfutar ta nemi shi. In yanayinka Legacy ne, kada ka juya shi zuwa UEFI kai tsaye, Windows za ta ƙi tashi. Sai an fara mayar da tsarin ma'ajin daga MBR zuwa GPT, kuma Windows na da manhajar yin haka mai suna mbr2gpt. In ba ka saba ba, ka nemi ɗan sashen kwamfuta ya zauna kusa da kai. Sannan don Allah kada a yi wannan aiki da batir rabi ana jiran a kawo wuta, kuma kada a yi shi a makon jarrabawa.

In ka hau Windows 11 ta hanyar sabuntawa, kana da kwana goma da za ka iya komawa baya ba tare da ka rasa komai ba. Ka gwada duk gem ɗinka da manhajojin karatunka a cikin kwanakin nan, musamman 'yan injiniya masu AutoCAD da makamantansu.

In kuwa kwamfutarka ba ta cancanta ba, kana da hanya biyu masu mutunci. Ta farko shirin ESU na Microsoft, wanda ke ci gaba da turo gyaran tsaro ga Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Kuɗinsa dala 30, amma ana samunsa kyauta in ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a adana saitunanka a can. Ta biyu ita ce Linux. Tun 2018 Valve ta fitar da Proton, wanda ke sa gem ɗin Windows su yi aiki a Linux, kuma a kansa na'urarsu ta Steam Deck ta dogara. Dubban gem na yi lafiya lau. Sai dai in Valorant ko Fortnite ne abincinka, ka haƙura, ba sa yi a can.

Game da gem ɗin da aka fasa, waɗanda ake turawa daga filasha zuwa filasha a hostel, magana ɗaya zan yi. Yawancinsu sai ka kashe rigakafin kwamfuta kafin su hau. Ka haɗa wannan da Windows ɗin da ba a ƙara toshe mata ɓaraka, sannan ka tuna a kwamfutar nan kake shiga imel da shafin makaranta, wani ma har banki. Lissafin bai fita ba.

In za ka sayi gem, ka gangara ƙasan shafinsa ka duba abu uku: wace Windows yake nema, yana buƙatar asusun wani kamfani dabam, kuma yana tashi ba tare da intanet ba? Shagon GOG yana sayar da gem marasa makulli, kana iya sauke fayil ɗin ɗorawa ka ajiye a ma'ajinka, ko shagon ya rufe naka na nan. In kuma laftof za ka saya, ka sa mai shago ya kunna ta, ka buɗe msinfo32 da hannunka ka karanta lambar furosesa kafin ka zaro kuɗi. Bambancin farashi tsakanin zubi na shida da na takwas bai kai asarar sake sayen wata ba kafin ka gama HND.

Kamfanonin nan suna da hujjarsu, tsaro gaskiya ne, masu maguɗi ma gaskiya ne. Amma kuɗin canjin a aljihunmu yake faɗawa, don haka gara mu san dokar tun kafin ta iso kanmu. Duk wanda ya duba kwamfutarsa ya ga abin da bai gane ba, ya rubuto ta ofishin ƙungiya, za mu amsa a fitowa ta gaba. A yi karatu tukuna, gem ya biyo baya.