Tagar Daniyel: Addu'ar da Ba Ta Jira Ranar Masifa

Karatu: Daniyel 6:1-23 da 9:1-23

Mu mutane ne masu addu'a, ba mai musun wannan. Akwai addu'ar asuba a majami'a, akwai ta tsakiyar mako, zumuntar mata tana da ranarta, matasa kuma sukan kwana suna roƙo har gari ya waye. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa juna ba domin tana da nauyi: in an tashi daga taro, kowa ya koma gidansa, me ya rage tsakaninka da Allah? Ga yawancinmu, in za mu faɗi gaskiya, 'yan kalmomi ne a kan abinci, da waɗansu na dare waɗanda barci yakan cinye kafin a kai ga Amin. Sai ranar da yaro ya kwanta a asibiti, ko aka ji ƙarar bindiga a ƙauyen maƙwabta, sa'an nan gwiwa take tunawa da ƙasa. Allah mai jinƙai ne, yana jin irin wannan kuka. Duk da haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu dubi mutumin da ya fafe tasa tun da wuri.

Dattijo mai aiki da yawa

An kwashe Daniyel daga Urushalima zuwa Babila wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, yana saurayi. Babila ta faɗa hannun Mediyawa da Farisawa a shekara ta 539, wato bayan shekara 66. Ashe wanda aka jefa cikin ramin zakoki ba yaron nan ba ne da mukan gani a hotunan makarantar Lahadi; dattijo ne wanda shekarunsa suka kai wajen 80. Ba kuwa mai zaman kashe wando ba ne. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120 a kan ƙasar, ya sa shugabanni uku a bisansu, Daniyel yana ɗaya daga cikin ukun, har sarki yana niyyar ɗora shi bisa mulkin duka. Duk wanda yake cewa aikin ofis ko na gona ko na kasuwa ne ya hana shi addu'a, sai ya gwada nauyinsa da na wannan tsoho.

Masu hassada suka binciki aikinsa, ba su sami cin hanci ko sakaci ba. Sai suka sa sarki ya kafa doka cewa har kwana 30 kada kowa ya roƙi wani allah ko mutum sai sarki kaɗai. A nan ya kamata mu dakata. Tarkon nasu ya dogara ne ga abu guda: sun tabbata Daniyel ba zai fasa addu'a ba. Sun san ɗakin, sun san lokacin. Da a ce mu aka kafa wa wannan doka, aka bar mana sujadar Lahadi amma aka hana addu'a a gida, ina tsoron da yawa cikinmu za mu cika kwana talatin ɗin muna bin doka ba tare da mun ma san an kafa ta ba.

Aya ta 10 ta ce da Daniyel ya ji an sa hannu a dokar, sai ya hau ɗakinsa na bene mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya, ta kuma ƙara da cewa wannan tsohuwar al'adarsa ce. Bai kira taro ba, bai ƙara yawan addu'ar don ya nuna jarumtaka ba, bai kuma rufe tagar don ya ɓuya ba. Abin da ya yi jiya shi ya yi yau.

Sau ukun nan ba doka ba ce a kanmu, ko da yake Dawuda ma ya ambaci maraice da safe da tsakar rana a Zabura 55:17. Fuskantar Urushalima kuwa ya samo asali ne daga addu'ar Sulemanu a 1 Sarakuna 8:46-50, inda ya roƙa wa waɗanda za a kai bauta jinƙai in sun juyo da zuciyarsu wajen birnin. Ubangijinmu kuma ya nuna a Yahaya 4:21-24 cewa yanzu sujada ba ta ɗaure ga wani dutse ko birni ba. Abin da za mu ɗauka shi ne tsayayyen lokaci. Addu'ar da aka bar wa "in na sami sarari" ba ta samun sarari. Mai gona ba ya jira sai ya ji marmarin noma kafin ya ɗauki fartanya. Minti 15 da aka tsare kowace safiya ya fi kwanan addu'a guda da za a yi sau ɗaya a wata, a koma gida a yi shiru har wani watan.

Na san abin da wata 'yar'uwa za ta ce: "Daniyel yana da bene. Ni da maigida da yara biyar ɗaki ɗaya ne, ina zan sami ƙofar da Matiyu 6:6 ya ce in rufe?" Maganarki gaskiya ce, uwata, ba a kuwa raina ta ba. Amma Yesu da kansa bai sami ɗaki ba a Kafarnahum. Bayan yinin da jama'ar gari suka cika ƙofar gidan Bitrus da marasa lafiya, ya tashi tun da sauran duhu ya fita zuwa inda ba kowa (Markus 1:35). Madafa kafin a hura wuta, gindin itace a gona, hanyar zuwa rijiya, shago kafin a buɗe wa masu saye, kowanne yana iya zama ɗakin nan. Ƙofar da ta fi wuyar rufewa a zamaninmu ma ba ta katako ba ce, wayar hannu ce. Wanda ya fara buɗe saƙonni kafin ya buɗe baki ga Allah, ya riga ya shigar da kasuwa cikin ɗakin.

Sa'ad da bakin ya bushe

Ga matsalar da masu bi suke jin kunyar faɗa. Mutum ya tsai da lokaci, ya durƙusa, cikin minti uku ya gama duk abin da ya sani: a tsare mu, a ba mu lafiya, a ba mu abinci, a sa wa yara albarka. Daga nan tunani ya tafi wajen kuɗin makaranta da farashin taki. Ni kaina na sha farkawa daga irin wannan yawo ina a durƙushe, in rasa inda na tsaya.

Sura ta 9 ta nuna inda Daniyel yake ɗebo ruwa. A shekarar farko ta Dariyus yana karanta littafin annabi Irmiya, sai ya fahimci cewa shekara 70 aka ƙayyade wa kufancewar Urushalima (Irmiya 25:11-12 da 29:10). Wannan karatu ne ya haifi doguwar addu'ar da ta biyo baya. Allah ya fara magana, sa'an nan Daniyel ya amsa. Mu kuwa mun saba juya abin: mu ne masu magana tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa muke saurin ƙarewa.

George Muller, mutumin Jamus da ya riƙi marayu fiye da 10,000 a birnin Bristol na Ingila kafin rasuwarsa a 1898, ya yi shekaru yana fama da wannan. Yakan fara da addu'a da zarar ya tashi, hankalinsa kuwa ya yi ta yawo, wani lokaci har rabin sa'a. A 1841 ya sake tsari: ya riƙa fara karanta Sabon Alkawari a hankali, yana juya kowace aya a zuciyarsa, sai ya tarar ayar da kanta take kai shi ga tuba, ko godiya, ko roƙo domin wani. Mu ma muna da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Ka ɗauki Zabura ɗaya ko 'yan ayoyi daga Bishara, ka karanta sau biyu, ka tambayi kanka abin da suka nuna game da Allah da abin da suka tona a cikinka, ka mayar masa da shi cikin kalmominka. Wanda idonsa ya yi rauni ko bai yi karatu ba, jika yana iya karanta masa aya da dare ya kwana da ita.

Sai mu lura da abin da ke cikin addu'ar. Littafi Mai Tsarki bai ambaci wani laifi na Daniyel ba, amma bai ce su ne suka yi zunubi ba. Ya sa kansa a ciki, yana ta cewa mu. A aya ta 18 ya bayyana cewa ba adalcinsu ne madogarar roƙonsa ba, jinƙan Allah ne mai yawa. A sura ta 6 kuma, ranar da aka shirya masa mutuwa, godiya ya yi. Ba a rubuta cewa ya kira wuta a kan hakiman nan ba. A ganina, a nan ne addu'armu ta yau ta fi karkacewa. Mun koyi ɗaga murya a kan maƙiya da masu sihiri da dangin da muke zargi, har mutum ya yi sa'a guda bai furta laifinsa ko ɗaya ba, bai kuma gode don abu guda ba. Waɗansu kuma sun ba da addu'arsu haya gaba ɗaya: suna yawo daga wannan mai addu'a zuwa wancan da kwalbar mai da kuɗi a hannu, alhali Ibraniyawa 4:14-16 ya buɗe wa kowane mai bi hanya zuwa kursiyin alheri ta wurin Yesu. Neman 'yan'uwa da fasto su taya ka addu'a daidai ne, amma taya wa ake yi, ba karɓe wa ba.

Wani ƙaramin abu a aya ta 21 yakan taɓa ni. Jibra'ilu ya zo wurin Daniyel a lokacin hadayar maraice. An rushe Haikali tun wajen shekara ta 586, kusan shekara 50 ke nan ba a miƙa wannan hadaya ba, amma agogon zuciyar tsohon yana bin lokacinta har yanzu. 'Yan'uwanmu da rikici ya raba da ƙauyukansu, waɗanda majami'unsu suka zama toka, sun san wannan fiye da mu.

Kada kuma mu yi wa kanmu alkawarin da Allah bai yi ba. Addu'ar Daniyel ba ta hana shi shiga ramin ba, ita ce ma ta kai shi. A sura ta 10 ya yi mako uku yana makoki kafin amsa ta iso, ko da yake an ji shi tun rana ta fari. A Ayyukan Manzanni 12 an kashe Yakubu da takobi, aka fitar da Bitrus daga kurkuku, su biyun kuwa manzannin Ubangiji ɗaya ne.

Ku iyaye, yara ba sa koyon wannan daga wa'azi. Yaron da ya farka da asuba ya ga mahaifinsa a durƙushe da Littafi a buɗe, ba don an yi baƙo ba, ba don wani yana ciwo ba, ya ga abin da zai tuna ranar da ya tafi makarantar kwana ko aikin soja. A makon nan, bayan abincin dare, ku karanta Daniyel 9:4-19 tare, yara su ƙidaya sau nawa Daniyel ya sa kansa cikin masu laifi. Sa'an nan kowa, har da maigida, ya faɗa wa sauran lokacin da ya zaɓa da wurin da zai riƙa zuwa.