Raunin Hannu a Ƙasar Waje: Darasi ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Mata masu juna biyu da yawa kan yi tafiya ƙasar waje, wasu Umara, wasu saro kaya a Dubai ko Alƙahira, wasu kuma ziyarar maigida. Daga cikin tsautsayin da kan same su akwai faɗuwa a kan tayil mai santsi, a banɗakin masauki ko a cikin cunkoso. Yayin da ciki ya tsufa nauyin jiki yakan rinjaya gaba, gaɓoɓi kuma su yi laushi, shi ya sa mai ciki ta fi saurin faɗuwa. Wanda zai faɗi kuwa hannu yake tokarewa da shi, saboda haka wuyan hannu ne ya fi samun karaya ko targaɗe.

A riƙe wannan tun farko: idan mai ciki ta faɗi, mutum biyu ne suke bukatar dubawa, uwa da abin da ke cikinta.

Matakin farko

1. A cire zobe, awarwaro da agogo nan take, tun kafin hannu ya kumbura.
2. Kada a ja hannun, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A tallafe shi a ƙirji, a rataye da gyale.
3. A naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora minti 15 zuwa 20.
4. A tafi asibiti ranar. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce, a Dubai kuma 998.
5. A riƙe fasfo, katin awon ciki da takardar inshora. Tun kafin a bar gida a tambayi ejan irin jinyar da inshorar biza take biya.

A asibiti

Maganar farko da za ki faɗa wa likita ita ce kina da ciki, da yawan makonninsa. Idan ba kya jin harshensu, a nuna katin awo ko a nemi tafinta.

Wasu mata kan ƙi hoton ƙashi don tsoron kada ya taɓa jariri. Hasken da ake ɗaukar hoton hannu da shi kaɗan ne ƙwarai, kuma nesa yake da mahaifa. Barin karaya ba a gano ta ba shi ne abin tsoro. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa wanda tsagewarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. Idan wurin na ciwo, likita zai ɗaure hannun, ya ce a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Ki nemi a duba cikin ko da bai bugu da ƙasa ba, domin jijjiga kaɗai na iya sa mabiyiya ta fara rabuwa da mahaifa. Idan ciki ya wuce wata biyar, akan saurari bugun zuciyar jariri, a sa miki ido na akalla awa 4. Idan rukunin jininki negetif ne, ki faɗa, domin akwai allurar Anti-D da ake so a yi cikin awa 72. Idan fata ta yage, a duba ko allurarki ta tetanus ta cika.

Maganin ciwo

Farasitamol shi ne wanda mai ciki za ta sha: ƙwaya 2 masu miligiram 500, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Ibufurofen da diklofenak kuwa a guje su, musamman daga mako 20, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. A watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya ta kusa da zuciyarsa kafin lokaci. Kada ki karɓi magani daga jakar abokiyar tafiya.

Kula da hannu a masauki

Idan an sa filasta, wadda wasu ke kira siminti, a ɗora hannun kan matashi ya ɗara ƙirji tsawo a kwana biyu ko uku na farko. Ki riƙa motsa yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa sau da yawa a rana don kada su sandare. Kada ruwa ya taɓa filasta. Lokacin wanka a rufe ta da leda. Game da alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, sai a tambaye su. Kada a cusa tsinke ciki don susa. Wadda ba ta gama ɗawafi ko sa'ayi ba, akwai keken turawa, ta kuma kauce wa lokacin cunkoso.

Alamomin da ba a kwana da su

A koma asibiti ko da tsakar dare ne idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:
- ciwon hannu na ƙaruwa, magani ba ya kwantar da shi;
- yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko ba kya jin su;
- wari ko ruwa na fitowa daga filasta, ko zazzaɓi;
- zubar jini, fashewar faya, ciwon mara ko ɗaurewar ciki;
- motsin jariri ya ragu;
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya.

Dawowa gida

Hannu kan ƙara kumbura a jirgi. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama da dama ba sa ɗaukar mai sabuwar filasta a doguwar tafiya sai ta cika awa 48, ko kuma likita ya tsaga ta. Daga mako 28 yawancinsu suna neman takardar likita, bayan mako 36 kuma ba sa ɗaukar mai ciki, mai tagwaye tun daga mako 32. Maigida ko ɗan rakiya ya tuntuɓi kamfanin kafin ranar tashi.

Daga Jidda zuwa Kano tafiya ce ta sama da awa 4, kuma ciki da dogon zama suna jawo daskarewar jini a ƙafa. Ki zauna kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina takawa, ki sha ruwa sosai. Ɗamarar kujera a ƙasan ciki ake ɗaura ta. Kaya kuwa wani ya ɗauka. Kafin barin asibitin can a karɓi hoton ƙashi, rahoton likita da sunayen magunguna.

Bayan an sauka

A cikin makon farko ki je wurin likitan ƙashi, domin karayar da aka gyara tana iya gocewa a cikin filasta. Ki zo awo a makon kuma, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Kira na musamman ga iyaye da surukai: don Allah kada a fasa filasta a kai ta wurin mai ɗori. Ɗauri mai tsanani da kara kan tare jini, nama ya mutu, har ta kai ga yanke hannu. Karayar wuyan hannu takan ɗauki mako 4 zuwa 6 a filasta, ƙarfin riƙo kuma sai bayan wasu watanni yake dawowa. Motsa jikin da za a koya miki a sashen gashin ƙashi shi ke hanzarta shi.

Ƙashinki da na jariri duk suna bukatar sinadarin kalsiyam. Ki yawaita madara, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, wake, ƙwai da zogale, ki riƙa shan hantsi, ki ci gaba da magungunan awo.

Idan naƙuda ta zo kafin a cire filasta, ki sanar da ungozoma don a auna jini a kuma sa ruwa a ɗaya hannun. Bayan haihuwa za mu nuna miki yadda ake shayarwa a kwance ko da matashi. Wankan jariri da goyo kuwa a bar wa mai zaman jego har hannu ya yi ƙwari.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya kuma sauke ku lafiya.