Dala 600, Almakashi da Gam: Darasi Daga Wasu Makaɗa 'Yan Sakandare

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu Washinton, babban birnin Amurka, wajen wasu samari huɗu masu kiɗa. Mun san wasu malamanmu za su ɗan yamutsa fuska da jin batun kiɗa a jikin bangon makaranta. A yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin lissafi da aikin hannu sun fi ganga yawa a cikin labarin.

Bari mu fara da bayanin kalma. Rok kiɗan Turawa ne da ake yi da jita mai lantarki da ganguna. Mai son waƙarsa ta isa kunnen jama'a hanya biyu ke gabansa. Ko dai babban kamfani ya ɗauke shi, ya biya kuɗin ɗaukar murya da buga faifai da talla, sannan ya riƙe mallakar waƙar da kaso mafi tsoka na kuɗin. Ko kuma shi da abokansa su yi komai da hannunsu. Masu bin hanya ta biyu ake kira 'yan indi, daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, kuma takensu shi ne "yi da kanka".

A shekarar 1979 aka kafa ƙungiyar Teen Idles. Nathan Strejcek ne mawaƙi, Geordie Grindle ke kaɗa jita, Jeff Nelson ke ganga, Ian MacKaye kuma na riƙe da jita mai kaurin murya. MacKaye da Nelson suna ajin ƙarshe a sakandaren Woodrow Wilson a lokacin. Salon rok ɗinsu shi ne fank, mai sauri da ƙara, inda waƙa kan ƙare cikin minti ɗaya. Gaskiya ba gwanaye ba ne. Sun koyi abu mai yawa daga kallon Bad Brains, wata ƙungiyar baƙar fata ta birnin da ta fi su iyawa nesa ba kusa ba.

Matsalarsu ta farko shekaru ce. Yawancin wuraren da ake wasan kiɗa suna sayar da barasa, doka kuma ta hana sayar wa yara, don haka masu wuraren sai su hana yaran shiga gaba ɗaya. Ga makaɗa yara, ga masu sauraronsu yara, ga ƙofa a rufe. A 1980 suka hau bas zuwa Kalifoniya. A wani gidan wasa da ke San Faransisko mai suna Mabuhay Gardens suka ga dabara: ana zana babban harafin X a bayan hannun duk wanda bai kai shekaru ba, ya shiga ya ji kiɗa, mai sayar da abin sha kuma da ya ga alamar ya san ba zai ba shi ba. Da suka koma gida suka roƙi masu 9:30 Club su yi haka, aka yarda. Daga baya wannan X ta zama tambarin matasan da suka zaɓi ƙin barasa da ƙwaya don kansu, ko da shekarunsu sun kai.

A ƙarshen 1980 ƙungiyar ta watse. To, a nan ne darasin yake. Tun farko ba su raba kuɗin wasa, tarawa suke yi a asusu ɗaya, har ya kai dala 600. Da sun raba, kowa zai tashi da dala 150, kuma kafin wata ya zagayo an manta da ita. Sai suka ce a buga faifai da kuɗin. Babu kamfanin da zai kalli ƙungiyar da ta riga ta mutu, saboda haka MacKaye da Nelson suka kafa nasu, suka sa masa suna Dischord. Sun riga sun ɗauki waƙoƙin a Inner Ear, wani ƙaramin sitidiyo da Don Zientara ya haɗa a ɗakin ƙasa na gidansa, da taimakon Skip Groff, mai wani kantin faifai, wanda ya nuna musu yadda ake aika aiki masana'anta. Aka buga kwafi 1,000, waƙoƙi takwas, da sunan Minor Disturbance.

Saura rigar faifan, wato kwalin da ake zura shi ciki. Ba su san inda ake yin ta ba. Sai suka ɗauki rigar wani faifai da aka buga a Ingila, suka ɓare ta a hankali, suka shimfiɗa, suka ga yadda aka yanka da inda aka naɗe. Suka zana irinta a takarda, suka kai maɗaba'a. Daga nan aka zauna da almakashi da gam, ana yanka, ana naɗewa, ana liƙewa, ɗaya bayan ɗaya har dubu. Mu da kan kwashe yammaci guda muna liƙa shafi shida a wannan allo mun san abin da hakan ke nufi ga yatsu. Haka suka ci gaba da yi wa faifayensu na farko, dubbai.

Shawarar da ta fi burge mu ita ce ta bayan sayarwa. Kuɗin da ya dawo ba a taɓa shi ba, aka zuba a faifan wata ƙungiya ta garin, na wannan kuma ya biya na gaba. Haka S.O.A. da Minor Threat da Government Issue suka fito a 1981. Dokar kamfanin ita ce makaɗan Washinton da kewaye kawai yake bugawa. Babu takardar yarjejeniya, magana ce da amana, riba kuma a raba biyu tsakanin kamfani da makaɗa. Suna buga farashi a bayan faifai, har da kuɗin aikawa ta gidan waya, don kada ɗan kasuwa ya tsawwala.

Kada mu zuzuta abin ya wuce kima. Waɗannan yara 'ya'yan masu rufin asiri ne: suna da ɗakin atisaye a gidajen iyaye, kuma adireshin gidan iyayen MacKaye aka yi ta bugawa a faifan. Duk da haka sun sha wuya. Dillalai kan karɓi kaya su yi watanni ba su biya ba, faifai ya ƙare a kasuwa, babu kuɗin sake bugawa. Sai da John Loder na Southern Studios a Landan ya karɓi aikin bugawa da rarrabawa kafin suka sami sa'ida. Minor Threat, ƙungiyar da MacKaye da Nelson suka kafa bayan ta farko, ta watse a 1983 saboda saɓani. Wasannin ma suka cika da 'yan ta-da-zaune-tsaye masu zuwa don dambe, abin da ya kori mutane da yawa, musamman 'yan mata, waɗanda dama ba su da yawa a kan dandamali.

Wannan ne ya sa ƙungiyar Fugazi, wadda MacKaye ya kafa tare da Joe Lally, Brendan Canty da Guy Picciotto suka shigo, ta tsaurara ƙa'ida tun wasanta na farko a watan Satumba na 1987. A lokacin, kuɗin ƙofa yawanci dala 5 ne. Duk wurin da zai hana yara shiga, ba su wasa a nan. Ba su sayar da riguna masu sunansu. In wani ya fara bangazar mutane, sai su tsayar da kiɗa, a miƙa masa dala biyar ɗinsa, a raka shi ƙofa. Bayan 1991, da Nirvana ta nuna cewa irin wannan kiɗa na kawo miliyoyi, manyan kamfanoni suka zo da tayi, Fugazi ta ƙi. Lissafinsu mai sauƙi ne: wanda ya rage kashewa, ya tuƙa motarsa, ya ɗauki kayansa da kansa, tikiti mai araha ma zai riƙe shi.

Sun yi wasa fiye da 1,000 kafin su dakata a 2003, kuma sun naɗi ɗaruruwa daga cikinsu a kaset. A 2011 Dischord ta fara ɗora waɗannan wasanni a intanet. Farashin da ta nema a kan kowane ɗaya, dala 5.