Bahaushe da Maciji: Nazari a kan Tsoro da Haƙƙin Rai a Birnin Katsina

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san abin da kan biyo bayan kururuwar "ga maciji!" Kafin ƙiftawa da bismilla maza sun fito da sanduna da taɓare, yara sun tara duwatsu, mata sun kwashe ƙanana sun shige ɗaka. Ba a tsayawa a tambayi wane iri ne, balle a san ko yana da dafi. Idan kuwa an buge shi, sau da yawa ba a ƙarasa shi nan take. Akan ɗaura masa igiya yara su ja shi lungu-lungu yana mutsu-mutsu, ko kuma a zuba masa kananzir a cinna masa wuta, manya suna tsaye suna kallo. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan ɗabi'a a cikin harshe da tarihi da adabi da addinin Bahaushe, domin a gane ko gadon nasa ne ya umarce shi da haka, ko kuwa shi ne ya riƙe rabin gadon ya saki rabi.

2.0 Maciji a Bakin Bahaushe

Harshen Hausa ya nuna cewa magabata sun yi wa macizai kyakkyawan sani, domin kuwa sun rarrabe su da sunaye. Akwai kububuwa, gajeriya mai mugun dafi da kan hana jini daskarewa. Akwai kasa mai kauri, wadda aka sani da nawa. Akwai gamsheƙa mai fasa kai da feshin dafi a ido. Sa'an nan akwai mesa, wadda ba ta da dafi ko kaɗan, da kuma sirara irin su tsadaraki da damatsiri, waɗanda cutarsu ga mutum ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Har ila yau, Bahaushe ba ya son ambaton maciji da dare, sai ya sakaya ya ce "igiyar ƙasa" ko "abin ƙasa". Wannan sakayawa tsoro ce, amma tsoro mai haɗe da kaffa-kaffa. A karin magana kuwa ƙiyayya ce ta fi fitowa fili. Akan kira munafuki "macijin ƙaiƙayi", akan ce "an kashe maciji ba a sare kansa ba" idan an bar aiki rabi da rabi, akan kuma ce "wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu". Karin maganar ƙarshen nan ta cancanci a lura da ita, domin ta amsa da kanta cewa tsoro kan sa mutum ya ɗauki marar laifi a matsayin mai laifi.

3.0 Macijin Kusugu

Babu macijin da ya kai na rijiyar Kusugu ta Daura suna a ƙasar Hausa. Bisa ga tarihin baka, ana kiransa Sarki, kuma ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi rijiya da dare ya sare kan macijin, daga bisani ya auri sarauniya Daurama. Katsina tana da rabo a cikin wannan labari, domin Kumayau, wanda ake dangantawa da kafa sarautarta, ana lissafa shi cikin 'ya'yan Bawo ɗan Bayajida. Ke nan labarin tushen Hausa Bakwai da kisan maciji ya soma, kuma wannan ya taimaka wajen mai da kisan maciji alamar jarunta.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko, laifin macijin a bayyane yake, watau hana jama'a ruwa. Na biyu, sara ɗaya aka yi masa, labarin bai kawo wasa da shi ko gana masa azaba ba. Bugu da ƙari, zaman da Daurawa suka yi da shi kafin zuwan baƙon ya sa wasu manazarta ganin cewa macijin alama ce ta tsohon addinin gargajiya. Ɓurɓushin wannan girmamawa yana nan a cikin bori, inda ake siffanta iskan nan Danko ɗan Musa da maciji.

4.0 Hukuncin Tatsuniya

Akwai tatsuniyar manomin da ya ɓoye maciji a cikin cikinsa lokacin da mutane suka biyo shi za su kashe. Da maciji ya tsira sai ya ƙi fita, har balbela ta yi dabara ta zaro shi. Da manomi ya ji cewa naman farin tsuntsu ne maganin dafin da ya rage a jikinsa, sai ya cafke balbelar zai yanka. Matarsa ta ji tausayi ta sake ta, ita kuma balbela ta tsone mata ido ta tashi. Mai sauraro yakan riƙe butulcin maciji kaɗai, alhali tatsuniyar ta raba laifi uku, ta kuma ɗora wa mutum kaso daidai da na dabba. Hasali ma nasa ya fi muni, tun da shi ne mai hankali, kuma bai daɗe da ɗanɗana zafin butulci ba.

5.0 Matsayin Addini

Musulunci ya halatta kashe abin da ke cutarwa, har an ba mai salla izinin kashe maciji da kunama. Amma ya gindaya iyaka. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin saurayin Madina da ya dawo gida a lokacin yaƙin Handaƙ, ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, macijin ya sare shi, su biyun suka mutu. Dalili ke nan da aka yi umarni da yi wa macizan gida gargaɗi kafin a kashe su. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Katsina, ta kawo wannan hukunci game da Madina, ta nuna yin haka a wasu garuruwa abu ne mai kyau, ta kuma karhanta kashe ko da ƙwarƙwata da wuta. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Nawawi ya yi umarni da kyautatawa hatta wajen kisa da yanka. Idan ƙwarƙwata ta sami wannan kariya daga wuta, ina hujjar mai ƙona maciji da ransa?

6.0 Tushen Tsoro da Abin da Bincike ya Nuna

Ba za a yi adalci ba idan aka ce tsoron Bakatsine ba shi da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane tsakanin 81,000 da 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A shekarun 1970 likita David Warrell ya yi nazarin saran kububuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka kuma gudanar da wani bincike a yankin Malumfashi a kan yadda gamsheƙa ke cutar da mutane. Manomi da makiyayi su ne suka fi shan wahala.

Duk da haka, cikin nau'o'in macizai sama da 3,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, kuma wajen 200 ne ke da hatsari na sosai ga ɗan Adam. Maciji ba ya farautar mutum, yakan yi sara ne idan an taka shi ko an ritsa shi, kamar yadda ya faru ga saurayin Madina. Daɗin daɗawa, maganin dafin nan EchiTAb da aka yi aiki da shi a asibitin Kaltungo ta jihar Gwambe, da dafin macizan Nijeriya masu rai aka haɗa shi. Ashe rayayyen maciji yana da ranarsa.

7.0 Illolin Wannan Ɗabi'a

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gidaje suka tsallake ganuwa suka cinye gonakin da ke bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga. Mutum ne ya je ya tarar da maciji a mazauninsa. Shara da tarin itace da kaji su kuma suna janyo ɓeraye, maciji ya biyo abincinsa. Idan aka ƙarar da macizai, ɓeraye ne za su ci karensu babu babbaka a rumbu, ga shi kuwa wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, wanda aka gano a 1969.

Akwai kuma masu neman abinci da maciji: gardawan da ke tsare shi a akwati suna yawo da shi kasuwa-kasuwa cikin rana domin sayar da magani, da masu farautar mesa saboda fatarta. Kundin dokokin laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukunci ga mai azabtar da dabba, kuma dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta taƙaita cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu. Amma babbar illa a zuciyar yaro take. Yaron da ya saba jan maciji da igiya ana yi masa tafi, shi ne mai jifan ƙadangare, mai dukan jaki a kan miki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa harshe ya rarrabe macizai, tarihi ya kashe mai laifi da sara ɗaya, tatsuniya ta tuhumi mutum, addini kuma ya hana azaba. Saboda haka zaluncin da ake gani a unguwanni ba umarnin gado ba ne. Ya kamata a koya wa yara sunayen macizai da kamanninsu, a share gida, a riƙa tafiya da fitila da takalmi cikin dare, a kuma garzaya da wanda aka sara asibiti maimakon tsaga da tsotso. Macijin da ya kama hanyarsa a ƙyale shi, wanda ya zama dole a kashe kuwa a gaggauta masa. Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Hausa: tattara sunaye da kirari da camfe-camfen macizai daga bakin tsofaffi da mafarauta da gardawan Katsina, tun kafin masu sanin su ƙare.