Yadda Ƙwayar Tarin Fuka Ke Samun Mafaka a Huhu

Tarin fuka, wanda ake kira tibi, ba sammu ba ne, ba kuma gadonsa ake yi ba. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, daga cikin dangin bakteriya. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likita ɗan Jamus, Robert Koch, shi ya gano ta a shekarar 1882.

Idan mai cutar ya yi tari ko atishawa, ƙwayar takan fito cikin feshin yawu, ta daɗe tana yawo a iskar ɗaki. Na kusa sai ya shaƙa.

Amma Allah bai bar hanyar numfashi a buɗe haka nan ba. Gashin hanci yana tare ƙura. Majina tana kama abin da ya wuce. A cikin bututun iska kuma akwai wasu ƙananan gasu, dare da rana suna turo majinar sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ko mu tofar. Hayaƙin taba yana kashe ƙarfin waɗannan gasu, shi ya sa mashayi ya fi saurin kamuwa.

Feshin da ya fi ƙanƙanta shi ke tsallake duk wannan, ya kai can ƙarshen huhu, inda iska ke shiga jini. A nan akwai wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki, aikinsu gadi ne. Duk baƙon abin da suka tarar sai su haɗiye shi, su jefa shi cikin wata 'yar jaka, su zuba masa sinadari mai narkarwa.

To, nan wayon ƙwayar tibi yake. Ba ta gudun a haɗiye ta. Jikinta na da rufi mai kauri da maiƙo, kuma tana fitar da abin da ke hana sinadarin isa jakar da take ciki. Sai ta zauna lafiya lau tana hayayyafa a hankali, kamar ɓarawon da ya ɓuya a ɗakin mai gadi.

Mai gadin ba ya yin shiru. A fatarsa akwai wasu na'urorin ji da ke gane rufin ƙwayar da zarar ta taɓa su. Daga nan saƙo ya bi hannu zuwa hannu har cibiyar ƙwayar halittar, ita kuma ta ba da umarni a fitar da sinadaran neman agaji. Su ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin. Su ne kuma ke isa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki, su rage sha'awar abinci. Ashe zazzaɓi da ramar mai tarin fuka, yawancinsu daga wannan kururuwa ta jikinsa suke zuwa.

Waɗanda suka amsa kira sukan yi wa wurin ƙawanya, su rufe ƙwayar a ciki. Haka za ta iya zama shekara da shekaru, mutum ba ya tari, ba ya shafa wa kowa. Yawancin masu ɗauke da ita har su bar duniya ba ta tashi ba. Amma in garkuwar jiki ta yi rauni, saboda yunwa ko ƙanjamau ko ciwon sukari ko tsufa, sai ƙawanyar ta ɓarke. Huhu ya yi rami, tari ya kama, ga zufar dare, wani lokaci har da jini a kaki.

Wannan ɓuya da jinkirin hayayyafa su suka sa maganin ke ɗaukar wata 6: magani iri 4 a wata 2 na farko, sannan iri 2 a sauran wata 4. Wasu da sun ji sauƙi sai su ajiye. Babban ganganci ke nan, domin ƙwayoyin da suka saura za su iya tasowa, su daina jin maganin.

A Najeriya gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai karatu, in tari ya kai mako 2 bai tafi ba, naka ne ko na wani a gidanku, a je asibiti a auna. A riƙa buɗe taga, jariri kuma a kai shi allurar BCG da zarar an haife shi.